Ƙofar Bayan Kabad a Ɗakin Tanbir

Ku da kuke kallon bidiyo a waya, kuna ganin wani ya buɗe kwaɗo da tsinken ƙarfe kafin a ƙifta ido, sai ku shigo shagona kuna ce mini, "Baba Issaka, ai aikin naka ba wuya." To, ku ja benci ku zauna. Buɗe kwaɗo a kan tebur, ɓarawo ma ya iya. Abin da bidiyo ba ya nuna muku shi ne wanda yake tsaye a bayanka lokacin da kake durƙushe a gaban ƙofa, da kuma wanda yake ciki.

A Kumasi na koyi sana'ar, a rumfar Masta Garba mai kwaɗo, bakin kasuwa kusa da masu gyaran fitila. Shekarata ta farko ban taɓa makulli ba. Shara nake yi, in jiƙa tsofaffin kwaɗuna a kananzir, in wanke su da tsohon buroshi. Ran da ya miƙo mini magagari, ya haɗa mini da kyandir. Ba mu da inji. Za ka ɗauki makullin da ba a yi wa haƙora ba, ka kanga shi a wuta har hayaƙi ya baƙanta shi, ka zura a kuba, ka murɗa kaɗan, ka zaro. Inda baƙin ya goge, nan za ka ci da magagari. Ka sake baƙantawa, ka sake zurawa. In ka ci ya zarce, makulli ya lalace, Masta ya ranƙwashe ka a ƙeya ba tare da ya ɗago ido daga nasa aikin ba.

Da na zo New York wankin mota na fara, kafin wani tsoho ɗan Guyana, Mista Ramdin, mai wannan shagon na unguwar Jamaica, ya ɗauke ni. Shi ya nuna mini cikin kubar Amurka: silinda, da 'yan ƙusoshin da ke cikinta kamar ƙwayar shinkafa, kowace da ɗan sifirin da ke tura ta, in ɗaya ta tsallake ta faɗi ƙasa sai dai ka yi haƙuri. Shi ya hana ni zuba mai a kuba, ya ce garin bakin fensir ake hura mata. Kuma shi ya koya mini cewa kafin ka buɗe wa mutum ƙofa, ka tambaye shi me ke bayanta. Mai gida zai ce maka akwai jan kafet da takalman yara. Wanda ba mai gida ba sai ya fara duban agogo.

Akwai aikin da ake yi ana dariya. Wata nas 'yar Jos ta taɓa kulle kanta a waje da tukunyar miya a wuta, tana tsaye a kaina tana kiran sunan Yesu har na buɗe, daga baya ta cika mini kwano da miyar da ta fara kamu. Akwai kuma wanda 'yan sanda ke kiranka. Na taɓa buɗe ƙofar wani tsoho da maƙwabta suka daina jin motsinsa. Sarƙa a saƙale ta ciki, rediyo yana ta magana, an ajiye kofi biyu a tebur, shi kuwa yana zaune a kujera sanye da hularsa kamar mai jiran baƙo. Irin wannan, ka gama aikinka ka tattara kaya, ba ka tambayar kofi na biyu na wane ne.

Shekarar da guguwa ta turo ruwan teku cikin gari, motar aikina ta nutse da injin yankan makulli a ciki. Amma ba ita nake kira muguwar shekara ba. Muguwar shekara ita ce 2017, kuma ba don rashin aiki ba. Aiki har ya yi yawa. Jita-jita ta cika unguwa cewa jami'an shige da fice na bin gida-gida, kowa yana son sarƙa da sakata da hujin leƙe. Sai ka je gidan da su suka kira ka, ka ƙwanƙwasa, shiru. Kana jin numfashin mutum a bayan ƙofa, amma ba wanda zai ce uffan.

A ƙarshen hunturun shekarar ne wani ya kira ni da hantsi. Ya ce ɗakin ƙasa ne, besmen, a wani lungu bayan titin Hillside. Ya ce in na iso kada in ƙwanƙwasa, in tsaya a gaban ƙaramar tagar da ke daidai da ƙasa, in sunkuya ya ga fuskata da hannuwana. Na yi yadda ya ce. Labule ya motsa, sannan na ji ana janye wani abu mai nauyi daga bayan ƙofa.

Sunansa Tanbir, ɗan Bangladesh, siriri, bai wuce talatin ba, da tabon sara daga bayan kunne zuwa wuya. Tare suke da wani kakkauran saurayi ɗan Pakistan, Bilal, wanda ke aikin ɗaura abinci a wani kicin kusa da filin jirgi. Tanbir kuwa guga yake yi a gidan wanki. Dukansu mafaka suke nema, shari'arsu tana gaban alƙali. Ɗakin ba komai sai gado ɗaya, tebur, risho, da wani tsohon kabad na katako da suka tarar a jikin bango. Sun gaya wa mai gidan cewa abokai ne masu haɗa haya. Na ga yadda Bilal ya gyara wa Tanbir wuyan riga yana wucewa, na gane abin da na gane, na mai da idona kan ƙofa.

Mai gidan ma ɗan Bangladesh ne, yana zaune a sama da iyalinsa. Haka abin yake a garin nan: wanda ba shi da takarda sai ɗan ƙasarsu ke ba shi ɗaki, su kuwa waɗannan 'yan ƙasarsu suke gudu.

Na sa musu sabuwar kuba, da sakata mai kauri, da sarƙa, na huda hujin leƙe. Tanbir yana tsugune kusa da ni yana kallon kowace ƙusa.

"Ankul," ya ce, don haka suke kiran babba, "wannan za ta tare adda?"

Na ce, "Adda ba ta karya kuba, ɗana. Buɗe mata ake yi."

Ya shafa tabon wuyansa. Sannan ya ce haka ne. A Dhaka, babban birninsu, yana gidan wani abokinsa da suke taruwa su da irinsu, wasu suka ƙwanƙwasa suka ce mitar wuta suka zo dubawa. Abokin ne ya buɗe. Shi Tanbir ta barandar maƙwabta ya tsira, yana riƙe da wuyansa.

Ba a yi wata ba ya sake kirana. Na tarar da su biyun a tsaye a bakin tebur, ba mai taɓa shi. A tsakiyar teburin akwai ƙunshin jarida mai rubutun ƙasarsu, a buɗe, da curin alawar kwakwa a jere, kowace an dasa mata kanumfari ɗaya a ka. Sun fita aiki sun kulle ƙofa, sun dawo sun same ta a kulle, ga abin a tebur.

"Haka mahaifiyata take yi," in ji Tanbir. "Ba wanda ke sa kanumfari sai ita."

"Tana ina?"

"Tana can gida. Ba ta taɓa hawa jirgi ba."

Na kwance silindar, na sa tabaron masu gyaran agogo na duba cikinta. Tsinke yana barin zane a jikin ƙusoshin, komai gwanintar mai shi. Wannan fes take. Taga kuwa ko kyanwa sai ta rage ciki, ga ƙarfe a jikinta. Na ce ƙila wani ya sami makullinku ya yi kwafi. Na canja silinda, na yanka makulli biyu rak, na ce kowa ya rataya nasa a wuya. Bilal ya naɗe alawar zai kai shara. Tanbir ya karɓa, ya shinshina, ya miƙa masa.

Kira na uku Bilal ne ya yi shi, muryarsa a dishe. Da azahar na isa. Tanbir yana zaune a matakalar waje cikin sanyi ba takalmi. A kan gadonsu an ajiye farin ƙyalle sabo dal, an ninke shi da kyau, ɗakin duk ya ɗauki warin kafur. Ba sai an gaya wa Musulmi mene ne wannan ba.

"Ankul," Bilal ya ce da ni a hankali, "ko dai aljani ne, ko dai ɗayanmu ya taɓu yana yi bai sani ba. Jiya har mun yi faɗa. Ya ce ni ne, na ce shi ne."

Na sake kwance silindar. Fes. Na zauna dirshan a ƙasa da ita a hannu, na jingina da ƙofa, don gwiwata ta fara damuna tun lokacin. A zaunen nan na ji iska tana lasar idon sawuna. Ba daga ƙofa take zuwa ba, ƙofa tana bayana. Kuma iskar da ɗan ɗumi, da warin man boila, injin nan da ke dumama gida. Na bi ta da tafin hannu, ina jan gindi a ƙasa, har ta kai ni ƙarƙashin kabad.

Na buɗe kabad ɗin, na raba rigunansu biyu, na danna allon baya. Ya motsa. Ba ƙusa ke riƙe da shi ba, zame shi ake yi gefe. A bayansa akwai ƙofa, an shafe ta da fenti irin na bango, hinjinta yana ƙyalli da sabon mai. Ta can ɓangaren take buɗewa, kuma sakatarta ma ta can take. Na zura siririn ƙarfe a tsagar, na ture sakatar kaɗan-kaɗan har ta fita. Ƙofar ta tafi ba ko ƙara.

Na haska tocila. Ɗakin boila ne, ƙunci, ba taga. An ajiye kujerar roba tana fuskantar ƙofar, dab da ita. A gefe akwai gwangwani da jan tofi a ciki, irin na ganyen da mutanensu ke taunawa kamar yadda muke tauna goro. A ƙasa kofin shayi ne, an sha rabi. Daidai idon wanda ke zaune a kujerar an huda ƙaramin rami a ƙofar, ya ratsa allon kabad. Na sa idona. Ta tsakanin riguna, in murfin kabad yana ɗan buɗe, gadon kake gani gaba ɗaya.

Na taɓa kofin, na ji ɗumi. Na ce wa raina ai ɗakin boila ne, komai da ɗumi. Sai na taɓa gwangwanin da ke gefensa, na ji shi da sanyi.

A ƙarshen ɗakin akwai matakala mai hawa zuwa gidan mai gida. Na ɗaga tocila. Ƙofar sama tana ɗan buɗe kamar faɗin yatsa. Ina kallo ta rufe, sannu a hankali.

Bilal ya zaburo zai hau, na riƙe masa hannu. Na ce ba mu san su nawa ne a sama ba. Na ja ƙofar, na ɗinke ta da dogayen ƙusoshi ta ɓangarenmu, na ce su haɗa kayansu yanzu-yanzu. Na ce a kira 'yan sanda, Tanbir ya girgiza kai, ya ce a wannan shekarar ba ya son sunansa a bakin kowane mai kaki. Sai na kira Hajiya Memuna, 'yar zangonmu mai sayar da koko da ƙosai a Highbridge, don na san ɗanta ya koma Ohio ya bar ƙaramin gidan da ke kallon nata.

Kayansu duka bai cika rabin motata ba. Farin ƙyallen muka bari a kan gado. Muna fita lungun na duba madubi, na ga labulen sama a ɗage.

A hanya, cikin cunkoson gada, Tanbir ya buɗe baki. Ya ce da ya fito asibiti, yayansa da ya daɗe a Amurka ya bugo waya ya ce gara da addar ta ƙarasa aikinta, da a huta da abin kunya. Mahaifiyarsa ce ta miƙa masa fasfonsa ta ƙofar baya. Daga Dubai ya faɗa Brazil, daga nan bas bayan bas, ƙasa bayan ƙasa, har dajin da ke tsakanin Kolombiya da Panama, wanda da ƙafa ake ratsa shi. Ya ce a dajin kana wuce tantin da aka kafa da kyau, takalma a jere a bakinsa, ba mai leƙawa don kowa ya san abin da ke ciki. Wani ɗan Accra ne ya riƙa jiƙa masa garin rogo da ruwan rafi, shi ya koya masa cewa "sannu". Ya faɗi kalmar daidai, har na waiga na dube shi.

A bakin iyaka aka tsare shi watanni a ɗaki ɗaya da 'yan ƙasarsu. Ran da aka tambaye shi me ya koro shi, tafintan da aka kawo ɗan yankinsu ne, har ya san sunan kasuwar unguwarsu. Ya kasa faɗa, ya ce siyasa ce. Wannan kalma ɗaya ita lauyarsa take ta fama ta warware har lokacin. A ɗakin jiran lauyar suka haɗu da Bilal, wanda shi ta jirgi ya zo, bayan 'yan'uwansa sun ga hotuna a wayarsa sun kulle shi a ɗakin ajiya tsawon damina guda.

"Da kwaɗo irin wanda kake sayarwa, Ankul," in ji Bilal daga bayan mota. "Ɗan China. Da cokali na ɓalle shi."

Hajiya Memuna ta tare mu a saman bene tana haki kamar ita ta hau. Ta dubi samarin, ta dubi katifa ɗaya da muka ɗauko, ta ja ni gefe.

"Issaka, waɗannan fa?"

Na ce, "Hajiya, mutane ne da ake bi da likkafani."

Ta juya carbinta. Sannan ta ce, "To, ni ɗaki nake bayarwa haya, ba aljanna ba. Ka ce musu a ƙofa ake cire takalmi."

A wannan ƙofar na sa kuba mai tsada, irin wadda ba a samun ɗanyen makullinta, wanda ba a yi wa haƙora ba, a ko'ina sai wurin wanda ya sa ta, da lambar shagona a buge a kan kowane makulli. Kafin in tafi na ƙwanƙwasa kowane bango, na leƙa bayan kowane kabad. Bazara ta zo ta wuce lafiya. A Highbridge ba mai jin yarensu, ba mai tambayar ɗan wane gida ne su. Bilal har ya koyi shan koko.

Wata Juma'a da kaka, na dawo daga masallaci ke nan, wani mutum ya shigo shago. Tsaf da shi, kwat ruwan toka, tabarau, ƙamshin turare. Ya yi sallama cikakkiya, na amsa. Da ya matso haske sai na ga fuskar Tanbir ce, an ƙara mata shekaru an cire tabon. Gefen leɓensa da ɗan ja-ja.

Ya ajiye makulli a kan kantar shago. "Kwafi ɗaya, ɗan'uwa."

Ban ko ɗauka ba na gane shi. Na ce irin wannan sai da izinin mai shi.

"Ni yayan mai shi ne," ya ce, murya a kwance. "Mahaifiyarmu ba ta da lafiya, tana son jin muryarsa. Kai Musulmi ne, ka san abin da suke yi. A farar motarka ka kwashe su."

"Ni ƙofa nake gyarawa, malam."

"Ban tambaye ka inda suke ba. Na sani. Gidan da ke kallon na matar nan mai sayar da kunu."

Ku da kuke cewa aikin ba wuya, ga makulli a kanta, ga mutum yana murmushi, me za ku yi? In na ƙi, na ainihin yana hannunsa, daga shagona sai Highbridge. In na yanka kuwa, da alama zai mayar da na ainihin inda ya ɗauko kafin a farga, ya zo da kwafin ran da ya shirya. Ke nan yankawa ita ce ke ba mu lokaci.

Na ɗaure makullin a inji, na ɗauko ɗanye. Yana tsaye yana kallon hannuna. Na fitar da haƙoran daidai, don in ya gwada su da ido kada ya ga bambanci. Da na zo share kaifin da magagari, sai na ci wuyan makullin ta ƙasa, inda ido ba ya zuwa, na rage masa ƙarfi yadda murɗa mai nauyi ɗaya za ta raba shi biyu. Na goge na miƙa masa. Ya haɗa su biyu ya ɗaga a haske, ya yi godiya, ya yi mini addu'ar albarka a kasuwa, ya fita.

Na kira Tanbir a wurin aiki na ce ya duba makullinsa. Zafin guga ya sa yakan cire shi daga wuya ya sa a aljihun rigar sanyi, ya rataye a bayan ƙofa. Ya duba, babu. Kafin a tashi aiki ya sake dubawa, ga shi a aljihun. Bai gano wane ne cikin abokan aikinsa ya ɗauka ba. Ni kuwa na rufe shago na hau mota, kafin la'asar ta yi sanyi na canja silindar Highbridge. A ranar suka kira lauyarsu, ta ce za ta nemo takardar kotu da za ta hana mutumin kusantarsu, amma sai an shiga sabon mako.

Abin da ya faru ranar Lahadi ban gani da idona ba. Daga bakin su ukun na ji, samarin da Hajiya, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Da la'asar, rana tana nan, yara na wasa a ƙasan bene, suka ji an zura makulli a kuba. A hankali, kamar mai gida ya dawo ba ya son tada barci. Aka murɗa, ta ƙi. Aka ƙara ƙarfi, sai ƙas. Daga nan shiru.

Can sai muryar mace, daga ƙasan ƙofa, wajen tsagar da iska ke shiga. Tsohuwa ce, tana kuka, tana kiran Tanbir da sunan da ba wanda ke kiransa da shi sai ita. Tana cewa da yarensu, buɗe mini ɗana, na zo, ƙafata ciwo take. Tanbir ya miƙe kamar mai tafiya cikin barci. Ya zare sarƙa. Hannunsa yana kan sakata Bilal ya rungumo shi ta baya ya toshe masa baki, ya sa ido a hujin leƙe. Baƙi ƙirin. An ɗora yatsa a kai ta waje.

Muryar ta tsaya, ta yi tari, ta sake farawa. Buɗe mini ɗana, na zo, ƙafata ciwo take. Ta sake yin tarin, a daidai wurin da ta yi na farko.

Hajiya Memuna ce ta banko tata ƙofar da muciya a hannu. Ta ce ta ga mai kwat ruwan toka a tsugune, ya kara waya a ƙasan ƙofa, wani ƙaton saurayi kuma yana tsaye manne da bango, hannu ɗaya a kan hujin leƙe, ɗayan riƙe da doguwar jaka. Ta zuba musu Hausa da Twi da Turanci a haɗe, ta ƙwala wa duk maƙwabta kira da sunayensu. Ƙofofi suka fara buɗewa. Mutumin ya miƙe, ya kashe wayar, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya yi mata sallama da ladabi. Suka sauka bene ba gaggawa.

Litinin da safe na je cire guntun. Aiki ne na haƙuri. Ka hura garin fensir, ka zura siririn ƙarfe mai ƙugiya ta gefen haƙoran, ka kamo, ka jawo kaɗan-kaɗan, in ka yi garaje ya ƙara shigewa. Ina yi Tanbir yana zaune a kan jakarsa a ɗaure, don lauyar ta sami wasu masu taimakon irinsu da za su kai su wata jiha, a mayar da shari'ar can.

"Ankul," ya ce, "in da gaske ba ta da lafiya fa?"

Na ce ban sani ba.

"Muryarta ce. Ko dai tilasta ta suka yi, ko dai da kanta ta yarda. Ita ta ba ni fasfo."

Guntun ya fito, na sa a aljihu. Ya buɗe baki zai faɗa mini sunan garin da za su, na ɗaga masa hannu.

"Kada ka gaya mini. Kada ka gaya wa Hajiya. Wanda bai sani ba, ko an matsa shi ba abin da zai fito."

Hajiya ta cika musu leda da ƙosai tana faɗa cewa sun bar mata gida ba shara. Wata mota da ban san direbanta ba ta zo ta ɗauke su. Bayan fiye da shekara Bilal ya kira ta da ɓoyayyar lamba, ya ce alƙali ya ba Tanbir mafaka, tasa shari'ar ce ake jira, kuma can inda suke ba mai sayar da koko. Iyakar labarinsu da ya iso mu ke nan.

Yayan kuwa yana nan. Bai taɓa yi mini maganar makullin da ya karye ba. Yawancin Juma'a, bayan an sauko, yakan biyo ta gaban shagon nan, ya tsaya a bakin ƙofa, ba ya shigowa. Ya yi sallama, in amsa, don sallama ba a ƙin amsa ta. Ya ce, "Ya ƙanena?" In ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Sai ya tsaya yana bin makullan da ke rataye a bango da ido, layi-layi, kamar mai neman suna a cikin jama'a, sannan ya gyara tabarau ya wuce.

Yau Alhamis. In gobe ya zo ba na nan, ku amsa masa sallama, ku ce Baba ya fita aiki. Kome ya ajiye a kan kantar nan, kada wanda ya kunna inji.